Ashe Ba Laifin Tumu Ba Ne

Assalamu alaikum, malam mai karanta mana wasiƙu. Sannu da aiki, ina gaida masu saurare baki ɗaya.

Sunana Mariyama, daga wani ƙauye kusa da Yekuwa. Tun muna yara ake gaya mana cin tumu ke kawo zazzaɓi, don da gero ya nuna sai yara su yi ta kwanciya. Shi ya sa nake hana jikata Zuwaira ci. Bana ko ƙwaya ba ta taɓa ba, amma jikinta ya yi zafi rau, har ta bar cin abinci. Muka kai ta likita a Magarya.

Likitan ya ba ta kinin, ya ce, "Inna, sauro ne. Akwai ruwa kwance a gidanku?" Na ce sai na duba, kada in yi ƙarya. Da na koma na leƙa tsofaffin tukwanen da muke ajewa bayan ɗaki, sai ga 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil cikin ruwan sama. Na kife su duka, maigida ya sayo gidan sauro.

Zuwaira ta warke, alhamdu lillahi. Tana miƙewa ta ce, "Kaka, sai ki gasa mini na bara da na bana!"

Ga roƙona. Yayata Hajara, da muke katanga ɗaya, ta ƙi kife nata tukwanen, wai yaushe na zama likita. Sauronta kuwa ƙetarowa yake yi gidanmu. Amma ba ta yi wa rediyo musu. Don Allah malam, ka gaya mata da bakinka.

Yaya Hajara, ina gaishe ki. Ki yi haƙuri, na kai ƙara.