Wace Addu'a Za Mu Yi Wa Jirgin Nan?

Shugaban taro, Mista Drummond, mai girma Magajin Gari, Fasto Kerr, Uwargida Elspeth da aka gayyato ta fasa wa jirgi kwalba, 'yan'uwana masu dukan ƙusa, da matanmu da suka gaji da maimaita mana magana: ina gaishe ku baki ɗaya. Na baya ku matso, na san guduma ta cinye kunnuwanmu duka.

Na gode da aka zaɓe ni in yi magana a madadin ma'aikata ranar saukar da wannan jirgin yaƙi ruwa. Sai dai a yi mini afuwa, har na hau nan ban san ko murna zan taya ku ko jaje zan yi muku ba.

Abu na farko, girma. Tun ina saurayi a bakin kogin Clyde kalma ɗaya ake faɗa mana: a ƙara. Aka ƙara wa igwa baki, sai aka ce a ƙara wa sulke kauri. Aka ƙara kauri, jirgi ya yi nauyi. Ya yi nauyi, aka ƙara inji. Aka ƙara inji, aka ƙara tsawo. Muka yi ta ƙari har kogi ya kasa ɗauka, aka yashe kogi. Har ramin gyaran jirgi ya yi kaɗan, aka ce a haƙa sabo. Ban taɓa jin wanda ya ce ya isa ba.

Na biyu, igwa. Ɗana Lachlan, da yawanku kun san shi, maharbin igwa ne a rundunar ruwa. Ya ce mini babbarsu in ta tashi, katakon daɓen jirginta take fara ɗayewa, ta farfasa tangaran na kicin, wanda ke tsaye kusa kuwa daga ranar sai magana da hannu. Na ce to abokan gaba fa? Ya ce su suna can nesa, da ƙyar ake hango su. To jama'a, makamin da mai shi yake fara duka, ƙara masa girma za a yi ko ragewa? Ni na rasa.

Na uku shi ne ya hana ni cin abinci. Manyan ƙasashe sun zauna a Amurka sun sa hannu a yarjejeniya kan jiragen yaƙi: nauyi kaza, bakin igwa kaza, ba ƙari. Namu ya zarce. Ƙarfensa lafiya, ƙusarsa lafiya. Girman da aka ce mu ba shi, shi ne ya zama laifinsa. Yau a fasa masa kwalba a yi tafi, gobe a ja shi teku, ba igwa ba tuta, a yi ta harbinsa don a ga iyakar abin da sulke zai jure. Kuma jirgin su Lachlan ne zai yi harbin.

Ranar Lahadi ya zo gida, muna shan shayi, ya ce, "Baba, kai ka san jirgin nan naku ciki da bai. Ina ya fi rauni?"

Na ce, "Kai, duk garin nan ni ka ga za ka tambaya?"

Ya ce, "In na yi ta harbi ya ƙi nutsewa, cewa za a yi ban iya ba, a ba wani kujerata."

Na ce, "In kuma ya nutse da wuri, wa zai sake kawo mana aiki?"

Uwarsa ta kwashe kofuna ta bar mana ɗakin. Har ya koma ban ba shi amsa ba, ba don rowa ba, don ba ni da ita.

Saboda haka, Fasto, ka saurara da kyau, in na karkace ka gyara. Allah ya ba 'ya'yanmu zaman lafiyar da aka ce yarjejeniyar nan za ta kawo. Allah ya ɗora ƙarfen wani sabon jirgin a wannan gurbi kafin tukwanenmu su huce. Allah ya sa hannun Lachlan ya dace. Allah ya sa ƙusoshinmu su riƙe. Na ji amin ɗinku a biyun farko, na kuma ji shirunku a biyun ƙarshe. Kowa ya zaɓi wadda zai amsa. Ni ba zan iya ba, don da ɗan da jirgin, duka biyun ni na raine su.

Na gode.