Abin da Gwajin Auta Ya Gano

Shugaban taro, shugabar asibiti, likitoci da masu bincike, iyaye 'yan'uwana da kuka rufe shagunanku kuka zo, assalamu alaikum. Ina godiya da kuka ba tela irina damar tsayawa a gabanku.

Zancena a kan Autata ne. Tana 'yar firamare, ina gwada mata riga a shago, hannuna ya ci karo da wasu ƙuraje masu tauri a gwiwar hannunta, ba zafi, ba ƙaiƙayi. A asibiti aka ce kitse ya yi mata yawa a jini, irin wanda ke toshe jijiyoyin zuciyar dattawa. Muka ɗauke nama, muka ɗauke ƙwai, muka koma gyada da man tsirrai. Kakanta har tsokanarta yake yi: "Amaryata, an mayar min da ke kurege ke nan?"

Amma ƙurajen sai ƙaruwa suke yi. Likitar yara ta sa aka yi wani gwaji, sannan ta zaunar da ni. Ta ce tsirrai ma suna da nasu kitsen, sitarol ake kiransa. A jikin yawancin mutane hanji ne ke kore shi, har ma sitarol ɗin yakan rage shigar kitsen dabbobi. Ita kuwa Auta ta gaji ƙwayar halitta daga wajena da wajen babanta wadda ba ta wannan aikin, sai ya taru a jininta.

Na ce, "Likita, ashe abincin lafiyar ne ke cutar da ita?"

Ta ce, "Na lafiya ne ga mutane da yawa, Maman Auta. Jikinta ne daban."

Aka sauya abinci, aka ba ta magani, ƙurajen suka fara lafawa.

Roƙona na farko ga masu bincike ne. Kun ce kuna duba yadda wannan sitarol zai iya tayar da wata ƙwayar halitta ya kwantar da wata. Ku daure, ku ci gaba, muna jiranku.

Na biyu ga iyaye. In an gano wa ɗaya wannan cuta, ku kai sauran 'ya'yan gwaji. Na kai yayanta direba, ƙato, ba ƙurji ko ɗaya, yana ta mitar an ɓata masa lodi. Shi ma yana ɗauke da ita. Ga shi can a layin baya, yana shan maganinsa, yana tuƙinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa likitocinmu basira, ya mayar da kowa gida lafiya.

Na gode.