Ni Ne Na Canza wa 'Yata Kwas

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu. Fasto, dattawa, iyayena mata, matasa, salamar Allah ta kasance tare da ku. Waɗanda suka taso daga Gwiwa da Babura, sannunku da hanya.

Sunana Bitrus. Malam Bitrus ake ce mini, domin koyarwa nake yi a wata firamare a ƙasar Roni. Sau biyu Fasto yana ce mini lokaci ya yi da zan ba da wannan shaida, ina ce masa a bari sai wani taron. Yau dai ga ni, kuma abin da zan faɗa ba abin alfahari ba ne.

Babbar 'yata sunanta Hannatu. Tun tana ƙarama ba ta barin ƙarfe ya zauna lafiya. In injin ban-ruwan ƙanena ya ƙi tashi lokacin noman rani, ita ce za ta tsuguna a kansa har sai ya yi ƙara. Da ta gama sakandare, za ta rubuta jarrabawar shiga jami'a, sai ta ce mini, "Baba, injiniyan noma nake so in karanta. So nake in ƙera injin ɓarar gyaɗa wanda ba ya farfasa ƙwaya."

Na ce mata to. Amma a baki kawai na faɗa.

A shekarar nan, ba abin da ake ji a bakin iyaye sai ƙirƙirarriyar basira, wadda yara ke ce wa AI. A rediyo ita ce, a tasha ita ce, a ofishin malamai ma ita ce. Abokin aikina Malam Sani, wanda ɗansa ya cika wannan kwas, ya tambaye ni wata rana, "Malam Bitrus, taka me ta cika?" Na ce injiniyan noma. Ya yi dariya, ba da mugunta ba, ya ce, "Ashe dai gonar za ta koma, sai dai da digiri a hannu."

'Yan'uwa, maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Ni da na sha wahalar fartanya kafin in samu alli in riƙe, a ce 'yata ta shiga jami'a ta fito ta koma bakin kunyar gona? Na koma gida na zaunar da ita, na ce ta canza.

Ta ce, "Baba, in na karanta AI ɗin, da safe in na je wurin aiki me zan riƙa yi?"

Gaskiya ban san ko mene ne ba. Na ce mata dai shi duniya ke yayi.

Ta ce, "Kowa can ya nufa, Baba. Gurbin kaɗan ne, makin da ake nema kuma ya yi sama. Ka bar ni inda na san zan iya."

Na tashi na fita, ta ɗauka na haƙura.

Sakamako ya fito, ta ci da kyau. Makinta ya ishe ta injiniyan noma har da saura. To, da layin wayata aka yi mata rajista, lambar sirrinta kuma tana hannuna. Wata Laraba bayan an tashi makaranta na hau acaɓa na zo nan Kazaure, na shiga wani shagon kwamfuta, na ce a canza mata kwas zuwa AI. Mai shagon ya duba, ya ce, "Malam, yarinyar ta sani kuwa? Makin nan da wuya ya kai."

Na ce masa, "Ni ne ubanta. Yi aikinka."

Ya yi. Na koma gida ina jin na yi dabara. A raina na ce in sunanta ya fito, da kanta za ta gode mini. Duk wata tantancewa da ta biyo baya ni nake zuwa in yi, in ce mata ta zauna ta taya uwarta aiki.

Sunaye suka fito, babu nata. Rukuni na biyu ya fito, babu nata. Amma ƙawarta Rifkatu, 'yar maƙwabciyarmu, wadda makinta bai kai na Hannatu ba, ta samu injiniyan noma a jami'ar da Hannatu ta cika. Sai Hannatu ta karɓi wayar Rifkatu ta shiga shafin rajistarta ta duba da idonta. Ta shigo gida da wayar a hannu.

"Baba, an canza mini kwas! AI ke rubuce a gaban sunana!"

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Allah ya ba ni dama, na ƙi. Na tashi tsaye na hau faɗa, ina cewa na'urarsu ce ta yi kuskure, mutanen nan ba su san aikinsu ba. Na yi faɗan da ni kaina na kusa yarda da shi.

Daga nan wahala ta fara. Hannatu ta ce sai ta bi haƙƙinta. Ta rubuta takardar koke, ni na gyara mata Turancin. Muka shiga mota zuwa ofishin hukumar jarrabawar a Kano, muka wuni a layi, aka ce mu dawo mako mai zuwa. Muka koma, aka ce mai sa hannu ba ya nan. A zuwa na uku wata ma'aikaciya ta duba ta ce, "Ai daga ɓangarenku aka yi canjin nan, kuma lokacin gyara ya wuce." Hannatu ta ce ƙarya ne, ba ta ba wani na waje lambarta ba. Ina tsaye a bayanta, riƙe da fayil.

A mota tana kuka, ina ba ta haƙuri. Ni!

Matata Saratu ta kai maganar zumuntar mata. Aka sa azumi. Ran Lahadi aka kira Hannatu gaba, aka ce dattawa su ɗora mata hannu, a roƙi Allah ya tona asirin duk wanda ya taɓa takardarta. A lokacin ina cikin dattawan ikilisiya. Na ɗora hannuna a kanta. Fasto yana cewa, "Ya Ubangiji, ka fallasa hannun nan," ni kuwa ina cewa Amin. Ku gaya mini, akwai munafuncin da ya wuce wannan?

Abin bai tsaya nan ba. Saratu ta fara zargin uwar Rifkatu. Ta ce ta yaya mai ƙaramin maki za ta samu, mai babba ta rasa, in ba an yi wani abu ba? Matan da suka shekara ashirin suna aron turmi da taɓarya a tsakaninsu suka daina gaisawa. A majami'a kowa ta canza benci. Ranar da Rifkatu za ta tafi makaranta ta zo yin sallama, Saratu ta shige ɗaki ta bar ta tsaye a tsakar gida. Ina gani. Na ce, "Saratu, ki bar zargi," ta ce, "To in ba ita ba, waye?" Na ɗauki hulata na fita.

Hannatu ta rame. Ta daina waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Ƙanena ya aiko cewa injinsa ya lalace, ta ce a kai wa bakanike. In mutane sun tambaye ta labarin makaranta, sai ta sunkuyar da kai ta wuce.

Ni ma jikina ya ƙi. Kai na sara, abinci ba ya shiga. A asibiti aka ce hawan jini ne, aka ba ni magani, ina sha ba na jin sauƙi. Haushin kowa nake ji. Na yi wa 'yan ajina tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na daina zama da Malam Sani, wanda bai yi mini laifin komai ba. In na durƙusa zan yi addu'a, bakina ya yi nauyi. Har Allah na ji haushinsa! Ina ce masa, ai alheri na nufe ta da shi, me ya sa ba ka bari sunanta ya fito ba, kowa ya huta?

Wata bakwai ina cikin wannan hali.

Ranar da Allah ya kama ni, a gona nake, ana cirar gyaɗa, rana tsaka. Hannatu ta kawo mini fura. Ta zauna a gindin ƙirya, ta ce, "Baba, na yanke shawara ba zan sake rubuta jarrabawar ba. Na yi azumi, na yi kuka, Allah bai ce mini komai ba. In wani zai iya ɓata mini takarda Allah yana kallo ya yi shiru, to me zai hana a sake? Ni yanzu addu'ar ma ba na yi."

Ta ɗauki kwanonta ta tafi.

'Yan'uwa, shekara guda na ɗauka na cinye mata. A ranar na gane bangaskiyarta nake ci. Na zube a tsakanin kunyoyin gyaɗa, fuskata a ƙasa, na ce, "Yesu, ni ne. Kai ka sani, ni ma na sani. Na gaji. Ka ba ni ƙarfin faɗa, ko da kowa zai tofa mini yawu." Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ban ji wata murya daga sama ba. Amma da na tashi, tsoron da ya riƙe ni wata bakwai ya sake ni. Haleluya!

Da na koma gida, ban ko wanke ƙafa ba na kira su biyu, ita da uwarta. Na faɗi komai, har ranar da shagon.

Saratu ta ɗora hannu a ka ta ce, "Malam, ka bar ni na ci mutuncin baiwar Allah a banza?"

Hannatu ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Baba, sau uku muna zuwa Kano. Kana riƙe da fayil ɗin." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Kada wani ya ce muku da an faɗi gaskiya komai ke gyaruwa nan take. Sati shida Hannatu ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa. Na je na durƙusa wa uwar Rifkatu a gaban 'ya'yanta. Na tsaya gaban ikilisiyarmu na faɗa, aka sauke ni daga dattijo, kuma daidai aka yi. Akwai waɗanda har yau in na wuce sai sun taɓa juna. Abin yana mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

Amma Allah mai jinƙai ne. Da aka buɗe rajistar sabuwar shekara, Hannatu ta same ni ina gyaran keke, ta ce, "Baba, gobe zan je Kazaure in cika. Da layina zan yi." Na ce to. Ta ɗan tsaya, sannan ta ce, "In kana so ka raka ni, amma a waje za ka jira."

Na raka ta. Na zauna a benci a waje har ta fito, ban tambaye ta abin da ta cika ba.

Yau Hannatu tana aji biyu, tana karanta injiniyan noma. Rifkatu tana gabanta da shekara guda, kuma wannan shekarar ba mai dawo mata da ita. Ni na ci ta. Hawan jinin ya sauka, ina cin abinci, ina addu'a bakina a sake. Da ta zo hutun Kirsimeti, ita ta ja mu addu'ar safe a gida, ta sa sunana a ciki.

Iyaye 'yan'uwana, ban ce AI mugun abu ba ne. Ɗan Malam Sani ya samu, yana jin daɗin karatunsa, Allah ya taimake shi. Amma ni ba don Hannatu na zaɓa ba, don bakin mutane na zaɓa. In ɗanka ya gaya maka abin da yake so, ka zauna ka saurare shi, ku durƙusa tare. In kuma akwai wanda ke zaune a nan da wani abu a ƙirji, yana cewa Amin a kan addu'ar da shi ake nufi, ina roƙonka kada ka kai wata bakwai kamar ni. Ka dogara ga Yesu ka faɗa. Za ka ji kunya, ni ma na ji, amma ban mutu ba, ga ni tsaye.

Na gode wa Ubangiji da ya fitar da ni daga ƙarya, ya bar mini 'yata. Ku taya ni yi masa godiya. Cikin sunan Yesu, Amin.