Abin Toshe Kunne

A shagon kayan waya, wata mata tana gwada abin toshe kunne. Kusa da ita wani dattijo yana jiran a gyara masa waya.

"Na jin kiɗa ne, Hajiya?" in ji shi.

"A'a, na 'yata ne, tana jami'a. Likita ya ce ƙwaƙwalwarta ba ta tace ƙara. Fanka, tari, jan kujera, duk tare suke shigar mata da muryar malami. In ta sa wannan, hayaniyar takan lafa, ta ji karatu."

"Shagwaɓa ce kawai. Shekara ashirin ina koyarwa, duk wanda ya toshe kunne a ajina, waje zai yi."

"Haka wani ya yi mata har sau uku. Ta miƙa masa takardar izini daga ofishin kula da ɗalibai, ko buɗewa bai yi ba. Saura kora ɗaya a hana ta jarrabawa."

Dattijon ya ce, "To, me ya hana ta yi masa bayani?"

"In aka daka mata tsawa, bakinta ɗaurewa yake yi."

"Ko ita ce mai zaman nan a gaba, kusa da ƙofa?"

Matar ta ajiye abin a hankali, ta dube shi da kyau.

"Malam, ni ban gaya maka inda take zama ba."