Matsin Filasko a Tashar Bagudo

Ga ta nan, ga ta nanku! Ta zo mu saurara.

A tashar Bagudo, Labbo mai fataucin albasa ya tsuguna gaban wata tsohuwa mai sayar da magani, cikinsa kamar dutse.

"Inna, wani abokina ne cikinshi ya cushe."

"Ga matsi, filasko ne da man kaɗe. Ba haɗiya ake ba, ta ƙasa ake turawa."

"Subhanallahi! An gwada shi kuwa?"

"A kan Malam, maigidana. Na farko ya yi ƙarfi, ranar bai samu Juma'a ba. Na rage filaskon, ya zo daidai."

"In mutum ya sa yanzu, ya hau babur zuwa iyakar Benin fa?"

"Abokin ne zai hau? Tun ɗazu kake dafe da mara, ɗan nan."

Labbo ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Inna."

"To fasa tafiyar yau. Hanyar nan ba wurin laɓewa sai gonakin mutane."

Labbo ya sayi matsin ya sa, ya kwana Bagudo, ciki ya saki, washegari ya tsallaka iyaka da albasarsa. Inna kuwa ta sayar da sauran matsin kafin rana ta narkar da shi.