Shaddar Salla

A bencin jira na ofishin haraji a Sakkwato, Alhaji Bawa ɗan kwangila yana ta murza wasiƙar da ke hannunsa. Dattijon da ke gefensa ya dube shi.

"Alhaji, kai ma harajin baya ne?"

"Na shekara takwas, Malam. Wani akawu ya ba mu dabara, ya ce mu rarraba kwangila a ƙananan kamfanoni, kowane da sunan wani. Kowa haka ya yi."

"Da sunan wa ka buɗe naka?"

"Direbana da ƙanen matata. Hannu kawai sunka sa, na yi musu shaddar Salla."

"Sun san abin da sunka sa wa hannu?"

Alhaji Bawa ya ɗaure fuska. "Mi ya kai ka ga wagga tambaya? Kai ma ɗan kwangila ne?"

"Malamin firamare ne ni a Mabera, na yi ritaya. Ban taɓa sayen buhun siminti ba, amma takarda ta ce na gina kwalbatoci goma sha biyu. An rufe mini asusun fansho." Ya ninke tasa wasiƙar a hankali. "Ni ma shaddar Salla anka yi mini."