Baƙo a Garin Uwarsa

A kasuwar bakin kogi ta garin Hoi An, wani mai takalmi mai ƙyalli ya zauna kusa da ni a rumfar mai sayar da taliyar kao lau.

"Inna, mu yi yarjejeniya," ya ce wa mai taliyar. "In taliyarki ta ainihi ce, zan biya ninki biyu. In ta yaudarar baƙi ce, na ci banza."

"Na yarda, ɗana. Ga kwano."

Ya kai loma biyu, ya ture kwanon.

"Kin faɗi. Ni ɗan garin nan ne, aiki ya riƙe ni a birnin Saigon. Mahaifiyata da ruwan tsohuwar rijiya da toka take kwaɓa tata. Wannan kuwa ta inji ce."

"Wace ce mahaifiyar taka?"

"Lieu, ta bayan gadar katako."

Matar ta goge hannu da tsumma, ta dube shi.

"Ita ta kawo min wannan da asuba, a kafaɗarta. Wurinta nake sara kullum. Cewa take ɗanta ba ya samun hutu. Yaushe ka shigo gari?"

Ya sunkuyar da kai. "Shekaranjiya. Da abokan aiki muka zo, muna otal. Dama ina da niyyar leƙawa."

"Cinye, kada ta huce. Ba zan gaya mata ba."

"Bari in biya ninkin, Inna."

"Riƙe abinka. Kai ka ce ba ta ainihi ba ce."

Shi ya ci kyauta, ita ta yi asarar kwano guda. Amma duk wanda ya ga tashinsa ya san ba ita ta faɗi ba.